Lambar Shiga Rumbu Tana Wayar Kawu

Kwamfutar hannu nake sayarwa a Boɗinga, ta gwanjo, irin wadda wani ya gaji da ita a wata ƙasa aka ɗuro ta a kwali. Da teburin cajin waya na fara, na koma sayar da batir da caja, har Allah ya sa na kama shago a bakin babban titi. Boko ban yi mai nisa ba. Amma in ka ajiye inji a gabana, na saurari fankarsa, na taɓa gindinsa, zan faɗa maka ko zai kai ka baɗi. Abin da ban sani ba shi ne aikin masu rubuta manhaja, waɗanda ke zama gaban baƙin allo suna buga ƙananan haruffa. Sai da ƙanwar matata ta shiga sana'ar na fara leƙawa.

Ita ce autar gidansu. Ta karanta kwamfuta a Sakkwato, ta dawo ta zauna ba aiki har makwabta suka fara ba uwarta shawarar a saya mata keken ɗinki. Daga baya wani ƙaramin kamfani a Legas ya ɗauke ta gwaji, tana yi musu aiki daga ɗakin mahaifiyarta. Sharaɗin a fili yake. An ba ta wani gyara ta yi a manhajarsu, ta miƙa ranar Alhamis kafin su tashi ofis. In ya yi, ta samu aiki. In bai iso ba, akwai masu jira a bayanta.

Akwai wasa tsakaninmu, irin na miji da ƙanwar mata. Injiniya nake kiranta, ita kuma dillalin bola take ce mini.

Ranar Laraba bayan la'asar ta shigo shago rungume da tsohuwar kwamfutarta. Injin ya daɗe yana zafi, amma a makon nan ya koma mutuwa tana tsakiyar aiki.

“Dillalin bola, musanya nika so. Wagga ta gama yawonta na duniya.”

Musanya ita ce rabin cinikina, ka kawo tsohuwa ka tafi da wadda ta fi ta. Na zaɓo mata mai lafiya daga cikin kwalin da ban daɗe da buɗewa ba. Sai ta ce in goge tsohuwar tas a gabanta, domin kamfanin ya gargaɗe su kada aikinsa ya bi inji ya faɗa hannun wani. Ni kuwa ba na goge injin mutum sai na tambaye shi na sake tambaya.

“Kin kwashe kayanki duka?”

“Komi na rumbu.”

Ta yi mini bayani tana wasa da cajar da ke kan tebur. Suna da wani tsari da suke kira git. Aikin kamfanin gaba ɗaya yana ajiye a wani wuri a intanet. Su repo suke cewa, ni da ita muka saba ce masa rumbu. Kowane ma'aikaci yakan jawo kwafin rumbun ya sauke a injinsa, wannan jawowar ita ce kulon. Ya yi aikinsa, ya ɗaure shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da bayanin abin da aka canza, sannan ya tura sama. Ta ce nata ta tura tun da azahar. Abin da ya rage ɗan gyara ne da oganta na kamfanin ya nuna mata, wanda bai wuce zama ɗaya ba. Da safe za ta yi kulon a sabon injin, ta gyara, ta miƙa, ta huta.

Na goge. Tana tsaye tana kallo har injin ya koma kamar ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba.

Washegari ban gama share ƙofar shago ba sai ga ta.

“Yaya, injin da kab ba ni ya ƙi.”

Da ta ce Yaya na san ba lafiya.

Ta buɗe shi a kan tebur, ta buga umarnin kulon. Injin ya ɗan yi jim, ya zubo rubutun Turanci. Ta fassara mini: wai takardar shaidar rumbun ba ta fara aiki ba tukuna, saboda haka ba zai amince da shi ba. Tun asuba take fama. Ta sauke git ɗin ta sake sawa, ta canza layin data, duk maganar ɗaya ce. Ni ban san takardar shaida ba, sai na duba abin da na saba dubawa a injin gwanjo. A kusurwar allo kwanan watan na shekarun baya ne can da nisa. Na nuna mata da yatsa, na ce ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ne ya mutu a kwali. Ita ta haɗa maganar. In injin yana ganin muna shekarar da aka ƙera shi, to shaidar da aka rubuta bana a wurinsa ba a ma haife ta ba.

Na kwance bayan injin, na sa sabon batir, muka saita agogo.

“Bolar taka har da agogon mutanen da,” in ji ta, tana dariya.

Ta sake buga umarnin. Dariyar ta tsaya. Wannan karon rumbun ya amsa, amma cewa ya yi ba ta da izini.

Ashe ba a shiga rumbun haka kawai, sai da makulli, kuma makullin ɓari biyu ne. Ɓari ɗaya yana ajiye can wurin rumbun, ɗayan yana ɓoye a cikin injin mai aiki. Sai sun haɗu ƙofa ke buɗuwa. Ɓarin da ke hannunta yana cikin abin da muka goge jiya.

“Ba komi,” ta ce, amma muryar ba tata ba ce. “Sai in yi sabo.”

Nan take ta yi sabon makulli. Saura ta shiga shafinta ta ajiye ɓarin can. Ta rubuta suna da kalmar sirri. Shafin ya ce bai san wannan injin ba, don haka ya aika wata lamba zuwa wayar da aka yi rajista da ita, a rubuto ta kafin ta lalace. Muka zuba wa wayarta ido. Shiru. Ta nemi wata. Shiru. Ta yi ta dannawa, ni ina cewa netwok ne, ita tana ɗaga wayar sama tana juya ta. Can sai ta matso da fuskarta kusa da allo, inda shafin ya nuna ƙarshen lambar wayar da yake aika wa.

“Innalillahi. Yaya, wagga lambar Kawu ta.”

Kawu ƙanin mahaifiyarsu ne, manomin albasa a wata fadama bayan Kajiji. Lokacin da take ɗaliba ta buɗe shafin, an sace mata waya a mota, shi kuma ya zo Boɗinga ganin likita ya kwana a gidansu. A gidajenmu waya ta kowa ce, wadda ke kusa ita ake miƙa wa hannu. Ta sa lambarsa, ya karanta mata abin da ya shigo, shi ke nan. Tun daga ranar tsohon injin ya riƙe ta, bai sake tambaya ba, ita ma ta manta. Akwai wasu lambobin ko-ta-kwana da shafin ya ba ta saboda irin wannan rana. Ta adana su da kyau a cikin injin da muka goge.

Na ce, “Kira ogan naki ki hwaɗa mai gaskiya. Su buɗe miki wata ƙohwa.”

Ta girgiza kai. Ta riga ta ba shi uzurin wuta, ta ba shi na netwok. Na ƙarshen, abin da ya rubuto mata shi ne in garin da take zaune ba ya barin mutum ya yi aiki, ta faɗa musu tun da wuri.

“In nic ce mai na ɓad da makullina ranar miƙa aiki, wallahi ba shi ko amsa min.”

Muka kira Kawu. Ƙaramar waya gare shi mai maɓallai, ni na sayar masa. A shekarar da 'yan damfara suka addabi ƙauyuka suna kira da sunan banki, ni na zaunar da shi na ce duk lambar da ta shigo wayarsa kada ya karanta wa kowa, ko da muryata ya ji. Kawu mutum ne da in ya riƙe magana ya riƙe ta.

Kiran ya shiga da ƙyar, ana jin tartatsin injin ban-ruwa a bayansa.

“Kawu, ni ta, auta. Ina kwana? Kawu, wata lamba ta shigo wayarka, don Allah ka karanta min.”

“Lamba?” in ji shi. “Allah shi isa.” Ya kashe.

Na kira da tawa wayar.

“Kawu, Allah shi ƙara girma, ni na, surukinka na Boɗinga.”

“To! Yau har muryar surukina kunka aro? Shi da bakinai yac ce min ko shi na kar in hwaɗi. Ku ji tsoron Allah, ku nemi sana'a.”

Da na sake kira, wayar a kashe take. A wata rana da na yi dariya har na riƙe ciki. Amma yau ba ranar dariya ba ce. Na jawo ƙofar shago na sa kwaɗo, muka shiga motata muka kama hanyar wurin Kawu.

A hanya muka tsara abin. Fadamar Kawu ko kira da ƙyar yake shiga, balle data, saboda haka kai kwamfuta can aikin banza ne. Shagari ce wuri na ƙarshe da netwok ke da ƙarfi. Ina da aboki tela a can, shagonsa na da sola, kuma ba shi da yawan tambaya. Ya ture yadudduka gefe ya ba ta teburin yanka. Na bar masa motata, na karɓi mashin ɗinsa, domin hanyar fadamar ba ta mota ba ce.

Rana ta take sosai lokacin da na sauka daga kwalta. Na bi turbar shanu da ta masu mashin, ina tambayar duk wanda na gamu da shi. Na iske Kawu tsaye cikin fangalin albasa, wando naɗe har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Injin ban-ruwan na haɗin gwiwa ne, su da makwabtansa, kowa da ranarsa. Yau tasa ce.

Suruki ba a faɗa masa da buƙata daga kan mashin. Na kafe shi nesa, na cire takalmi, na durƙusa a kan kunya. Ya tambayi gajiyar hanya. Ya tambayi ɗiyarsa, wato matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gwiwar yayarsa, ya tambayi kasuwa. Ina amsawa da lafiya lau, hankalina kuwa yana Shagari. Sai da ya gama ya ce ai gara da na zo, don yau wasu ɓarayi sun kira shi da muryata sak.

“Kawu, mu na. Ni da auta.”

Na yi masa bayani yadda zan iya: ɗakin aikin yarinyar ne ya kulle, masu ɗakin kuma wayarsa suke aiko wa da izinin buɗewa, saboda ita ta ba su lambarsa tun tana makaranta. In rana ta faɗi ba a buɗe ba, aikin ya tafi. Ya tuna zuwansa asibiti, ya tuna har da karanta mata lamba. Ya zaro wayar daga aljihun ciki, naɗe a leda. Na ji sanyi a raina. Na ce to ya kunna, zan hau tudun can in kira ta ta nemi sabuwa, in ta shigo ya faɗa mini in faɗa mata.

“Ba ni hwaɗa ma waya lamba.”

“Ni za ka hwaɗa ma, Kawu. Ga ni gabanka.”

“Kai kuma ka hwaɗa ma wa? Wadda ka cikin wayarka, ka ga huskarta?”

“Ni nib baro ta Shagari da kaina.”

“Ka baro ta. Yanzu ka san wa ka riƙe da wayarta?”

Karatuna ne yake mayar mini, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na ce to ya ba ni wayar in kai mata. Ya ce waya ba ta barin jikinsa. Na ce to ya zo mu tafi tare, ya ga fuskarta da idonsa. Bai ce a'a ba. Fartanyar kawai ya ɗaga ya nuna mini ruwan da ke gudu. In ya bar ranarsa, sai layi ya zagayo, albasar kuwa ta fara ƙwai, ba ta jure ƙishi.

Nan ne na ga inda zan yi amfani. Ciniki dai na iya. A gonar da ke maƙwabtaka akwai wani dattijo zaune ƙarƙashin mangwaro, shi ne mai ranar gobe. Na lura bakin ganyen albasarsa ya fi na Kawu yin laushi. Na je na gaishe shi, na yaba gonar, sannan na ce ga ruwa yana gudu, ga mai a cikin inji, me zai hana ya karɓi sauran yau, Kawu ya karɓi safiyar gobe? Ya ce bai share magudanarsa ba. Na ce ga ni, ga fartanya. Na naɗe hannun riga muka buɗe ta tare, muka juya tiyo. Kawu yana tsaye yana duba ko za a cuce shi. Da ya ga ruwa ya kama hanyar gonar maƙwabcin, kuma mutumin ya faɗa a gabana cewa gobe tasa ce tun daga asuba, sai ya ajiye fartanya.

Na ɗauka mun gama. Kawu ya ce shi ba ya shiga Shagari da kayan gona. Muka biya gida ya yi wanka, ya sa riga da hula. Kafin ya fito an kira azahar, muka yi salla. Ban ce masa ya yi sauri ba, ba a faɗa wa suruki haka. Na dai tayar da mashin na bar shi yana ƙara a ƙofar gida.

Da muka shiga shagon telan, ta miƙe ta durƙusa ta gaishe shi. Idanunta sun yi ja. Ya kama haɓarta ya juya fuskar wajen haske.

“To, ke ta. Mi kika so da wayata?”

Ya zauna a benci, ya kwance ledar, ya kunna wayar, ya riƙe ta da hannu biyu. Ta nemi lamba. Muka jira. Babu abin da ya shigo. Tela ya ce ko a fita waje, na ce a'a, sandunan netwok a cike suke. Na leƙa ta kafaɗar Kawu, sai na ga ɗan hoton ambulan yana ƙyaftawa a saman allo. Na san wannan. Ƙananan wayoyin nan in akwatin saƙonsu ya cika, sabo ba ya shiga sai an rage.

“Kawu, sai an goge tsohhin saƙonni.”

“A goge mi? Wa yas san abin da ka ciki?”

Sai da na karanta masa na farko-farkon da ƙarfi. Tallar waƙar kira, tallar data, gaisuwar Juma'a daga lambar da bai sani ba. Ya ce tarkace ne, a zubar. Yana riƙe da wayar, ni ina danna maɓalli. Ina rage su kuwa, wayar ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Duk lambobin da ta yi ta nema tun safe a Boɗinga ne suke tsaye a hanya, yanzu suka rugo a tare, ba a san na farko ba, ba a san na ƙarshe ba.

Ta leƙa ta kwafi ɗaya ta buga. Shafin ya ce ba ita ba ce. Ta kwafi wata. Ba ita ba ce. Sai wani jan rubutu ya fito, ta karanta shi a hankali: in aka ci gaba da kuskure za a rufe shafin na wani lokaci. Bai faɗi tsawon lokacin ba. Na ga yatsunta sun sake nufar maɓallai, na janye injin gefe.

“Injiniya, tsaya. Bari su gama sauka.”

“Yaya, lokaci!”

“Na sani. Tsaya.”

Tela ya ɗage ƙafa daga kan keke. Muka zauna muna sauraren ƙaramar waya tana kuka tana shiru, tana kuka tana shiru, har ta yi shirun da ya daɗe. Na goge su duka, akwatin ya zama fayau. Na ce ta nema sau ɗaya, ta cire hannu. Ta danna. Ban san tsawon jiran ba, na dai san na ji mai rake yana talla a waje har ya wuce. Wayar ta yi ƙara. Kawu ya kare allon da tafinsa, ya ce shi zai karanta. Ya nisanta ta da idonsa, ya fara kiran lambobin ɗaya-ɗaya, yana tsayawa tsakaninsu kamar mai rabon gado. Tana bugawa. Da ya kira ta ƙarshe, shafin ya juya, ya buɗe.

Ta ajiye ɓarin sabon makullin, ta koma baƙin allo, ta buga kulon. Wannan karon lissafi ya fara hawa a ƙasan allo, alamar kaya suna sauka. Ya hau, ya hau, ya wuce rabi, sai ya tsaya cak. Bayan ɗan jim ya ce igiyar da ta haɗa shi da rumbun ta tsinke. Na ce ta ci gaba daga inda ya tsaya, kamar yadda ake yi da fim. Ta ce kulon ba ya ci gaba, in ya yanke daga farko ake komawa. Ta koma. Ya sake yankewa kusan wuri ɗaya. Rumbun yana da nauyi, domin yana ɗauke da duk ƙullin da kowa ya taɓa yi tun kafa kamfanin, har da hotuna, netwok ɗin kuma ya fara rawa saboda yamma ta gabato, kowa ya hau. Aka kira la'asar a masallacin kusa. A Legas jim kaɗan bayan wannan suke tashi ofis.

Ta dafe goshi, tana magana da kanta. Sai ta ce ai ba ta buƙatar tarihin. Akwai yadda ake cewa a kawo na saman kawai, halin da aikin yake ciki yau, a bar na baya. Ta ƙara wasu 'yan kalmomi a umarnin. Kafin Kawu ya gama naɗe wayarsa a leda, kulon ɗin ya sauka duka.

Tela ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na fara miƙewa. Ta buɗe jakar aikin a kan allo, ta gangara ƙasa, ta hau sama, ta sake gangarawa.

“Babu.”

“Mi ab babu?”

“Aikina. Duk abin da niy yi, babu shi ciki.”

Kawu ya ce, “An sace?”

Ta fara tambayar kanta da ƙarfi ko jiya ta tura da gaske, ko injin ya mutu kafin turawar ta kammala ba ta lura ba. In haka ne, aikin yana cikin abin da na goge da hannuna, kuma babu mai dawo da shi. Ban san git ba, amma na san in mai kaya ya ce an yi masa sata, kafin a yi kuka sai a je sito a duba.

“Bar wanga da kinka sauke. Can sama, kina iya ganin rumbun da idonki?”

Ta buɗe shafin, ta danna wani wuri, jerin sunaye ya sauko. Ta sa yatsa a kan ɗaya, ta ja numfashi har kafaɗunta suka sauka. Ashe rumbun yana da gangar jiki da rassa. Gangar ita ce aikin da aka amince da shi. Mai sabon aiki a reshensa yake yi, sai oga ya duba a haɗa. Nata yana nan a reshenta, har da ƙullin jiya da azahar. Gajeren kulon ɗin da ta yi gangar kawai yake kawowa, sai in ka ambaci reshen da kake so. Ta goge abin da ta sauke, ta sake bugawa da sunan reshenta. Ya sauka. Ta buɗe, ta juyo mini da allon ba tare da ta dube ni ba. Ni dai rubutu na gani, amma na gane.

Daga nan ba ta sake sanin muna wurin ba. Muka fita da Kawu muka yi salla muka dawo, tana bugawa. Da ta zo ɗaure ƙullin, injin ya ce bai san sunan mai ɗaurewa ba, ta yi tsaki ta rubuta masa. Ta gwada aikin, ta sake gwadawa. Sannan ta tura. Lissafin ya hau a hankali, ya tsaya, na kau da kai na kalli titi. Da na juyo tana rubuta wa ogan cewa ta miƙa.

Kawu ya ce shi fa a mai da shi, gobe da asuba yana da ruwa. Na ɗauke shi. A hanya bai yi maganar komai ba sai farashin taki da tsutsar da ta shiga albasar bara. Na sauke shi a ƙofar gida, na durƙusa na yi godiya, ya ce in gaida ɗiyarsa.

Rana ta yi ja lokacin da na dawo Shagari. Tun daga bakin ƙofa na hango ta sunkuye a kan injin, yatsu na gudu.

“Mi kuma yal lalace?”

“Ya duba,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ya ce in gyara wuri biyu. Kuma ya sa sunana cikin taron ma'aikata na Litinin.”

“Wato mi?”

“Wato an ɗauke ni. Don Allah ka yi min shiru in gama.”

Na zauna a bencin na yi shiru. Tela ya jawo rigar da ya bari tun azahar, ya ɗora ƙafa a kan keke.